Shimla da aljihun ɗalibi: waɗanda suka je su faɗa mana

Ɗalibi daga Greater Noida:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu uku ne, duk 'yan ajin ƙarshe a nan kusa da Delhi, muna so mu leƙa Shimla, garin nan na kan tsauni a arewacin Indiya, kafin mu tattara namu ya namu mu koma gida. Aljihu dai kun san na ɗalibi ne, abin da aka turo daga gida kafin ya zama rupi ya riga ya rame. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya taimaka mana: jirgin ƙasa ya fi ko bas, a ina ake kwana, kuma wane wata ya fi sauƙi?

Tsohon ɗalibi a Chandigarh:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, tambayarka ta ƙarshe ita ce ta farko. Wata shi ke yanke kuɗin tafiyar nan, ba mota ba.

Mayu da Yuni ku manta da su. Lokacin ne makarantun Indiya ke hutu, zafin Delhi ya haura digiri 40, duk mai mota ya kwashi iyalinsa ya nufi tsauni. Ɗakin da za a roƙe ka ka kama a watan Nuwamba, a Yuni sai an ninka maka kuɗinsa, kuma mai otal ko ɗago kai ba zai yi ya dube ka ba. Haka makon Kirsimeti zuwa sabuwar shekara. Garin nan Turawan Ingila suka mayar da shi hedikwatarsu ta lokacin zafi a 1864, sun tsara shi don mutane kaɗan, yanzu kuma shi ne babban birnin jihar Himachal Pradesh, ga baƙi a kai. A ƙarshen Mayun 2018 ruwan famfo ya ɗauke fiye da mako guda, har mutanen gari suka riƙa roƙon baƙi a intanet da su yi zamansu a gida. Ina Chandigarh a lokacin, na ga abokan karatunmu 'yan Shimla suna kiran gida suna tambaya ko tankar ruwa ta zo unguwarsu.

Yuli da Agusta ɗaki ya faɗi warwas, amma akwai dalili. Damina ce, ƙasa na zaftarewa ta toshe hanya. A Agustan 2023 zaftarewar ƙasa ta rufta kan wani wurin bauta a Summer Hill ta kashe mutane, ta kuma kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin layin dogo, aka bar ƙarafan suna reto a iska. Arhar da za ta sa ka kwana a kan titi cikin bas kana jiran katafila ba arha ba ce.

Ku nemi Maris zuwa tsakiyar Afrilu, ko ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba. Ku hau ranar Litinin ko Talata, ku sauko kafin Juma'a da yamma, don Asabar da Lahadi mutanen Delhi da Punjab ke cika garin.

Ɗaliba 'yar Damagaram, tana karatu a Punjab:

Yaya ya gama magana kan wata. Ni kan hanya zan tsaya, kuma ra'ayina a fili yake: wanda ya je Shimla bai hau ƙaramin jirgin Kalka ba, ya bar rabin abin da ya je gani a baya.

Ga yadda muka yi da ƙawata. Daga Delhi akwai jirgin dare da ke isa Kalka kafin asuba, kujerar kwanciya ta talakawa ba ta da tsada. A Kalka ake sauya jirgi, a shiga ɗan ƙarami mai siririn layi wanda aka buɗe a 1903. Tafiyar kilomita 96 ce kacal amma tana cin awa biyar zuwa shida, saboda hawa yake daga tsayin mita 656 zuwa sama da mita 2,000, yana ratsa ramuka 102 da aka haƙa cikin dutse da gadoji fiye da 800. UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2008. Ramin da ya fi tsawo na Barog ne, ya ɗara kilomita ɗaya, kuma duk sanda aka shiga duhu yaran da ke cikin tarago sai su ɗauki ihu gaba ɗaya har a fito. Da an fito jirgin kan tsaya a tashar Barog, a sauka a sha shayi mai zafi a ɗan kofin takarda, hannu na rawa don sanyi. A can ne muka fara sa rigar sanyi, alhali mun baro Kalka da gyale kawai.

Kujerunsa kaɗan ne, suna ƙarewa da wuri. Ana buɗe sayar da tikiti tun kafin ranar tafiya a IRCTC, shafin sayar da tikitin jiragen ƙasa na Indiya, don haka da kun tsayar da rana ku saya da zarar an buɗe. In kun rasa, wasu jiragen suna da taragon da ba a kama kujera, tikitinsa bai kai rupi 100 ba, a tagar tasha ake saya. Sai dai a je da wuri, in ba haka ba a tsaye za a yi tafiyar. In kuna hawa ku nemi tagar hannun dama, nan kwarin yake.

Alhaji mai rakiyar marasa lafiya a Delhi:

'Yata, Allah ya yi albarka, amma ni da jirgin nan sau ɗaya ya ishe ni. Kujerar ta yi wa dogon mutum kaɗan, gwiwata na dukan ta gaba har muka isa. Yara, ku hau shi a zuwa don ku ce kun gani, ku dawo da bas.

Bas ɗin gwamnatin jihar, HRTC, yana tashi daga tashar Kashmere Gate. Akwai na gama-gari akwai Volvo, kuma Volvo kusan ninki biyu ne. Na gama-garin bai kai rupi dubu ba sanda na shiga. Awa tara zuwa goma ne. In kun bi na dare kun tsira da kuɗin ɗaki na kwana guda, sai dai ku riƙe bargo, don tagoginsa ba sa rufuwa da kyau. Daga Parwanoo hanya ta fara murɗewa, wanda ke da jiri ya sha maganinsa tun kafin nan kuma kada ya cika ciki. Na ga ƙato ya yi laushi a hanyar nan.

Bas a Tutikandi yake sauke mutane, ƙasa da gari. Masu tasi za su yi muku ca. Ku wuce su, akwai ƙananan bas da ke kai mutane tsohuwar tasha da kuɗi kaɗan.

Amma abin da ya sa na sa baki shi ne maganar masauki, don nan baƙo ɗan Afirka ke shan wahala. Doka ta wajabta wa duk otal ɗin da ya sauki ɗan wata ƙasa ya cike takardar da suke kira Form C ya aika wa hukuma. Ƙananan otal da yawa ba su yi rajistar yin hakan ba, ko ba sa son wahalar. Na taɓa kama ɗaki ta waya, na biya, na iso da wani bawan Allah da ya gama jinya yana son shan iska kafin mu koma Kano, yaron da ke kan tebur ya ga koren fasfo ya ce ba sa karɓar baƙin waje. Ga dare, ga sanyi, ga mutumin da bai daɗe da tashi daga gadon asibiti ba. Sai wani ɗan dako ya kai mu wani wuri da ya fi tsada. Kuɗin farko kuwa sai da na yi ta bibiya kafin ya dawo.

Saboda haka ku kira otal ɗin da bakinku kafin ku biya, ku ce ku 'yan Najeriya ne, ku tambaya ko suna cike Form C. Ku tafi da fasfo na asali da takardar rajistarku ta FRRO, wato ofishin rajistar baƙin waje, hoton waya ba ya wadatarwa a ko'ina. Ku kuma tambayi abu biyu: akwai ruwan zafi a banɗaki, kuma hitar ɗaki kyauta ce ko da kuɗinta daban? Yawanci daban ne, sai za ku fita a sako muku a lissafi.

Tsohon ɗalibi a Chandigarh:

Gaskiyar Alhaji. In ƙara da cewa duk ɗakin da ke kan Mall Road, babban titin garin, kuɗin sunan titin kake biya. Ku gangara wajen tsohuwar tashar bas da Cart Road, ko ku fita Chotta Shimla. Sai dai kada taswirar waya ta ruɗe ku. Abin da ta nuna tafiyar minti biyar ce yana iya zama matakala tsagwaronta daga ƙasa har sama, kuma a tsayin mita 2,200 numfashi ba ya kai wa mutum yadda ya saba. An hana mota shiga Mall Road, don haka jakar goyo ta fi akwati mai taya nesa ba kusa ba. Akwai lif da ke ɗaukar mutane daga Cart Road zuwa sama da 'yan kuɗi kaɗan.

Ɗalibi daga Greater Noida:

Mun gode ƙwarai, Alhaji, wannan ta Form C ko a mafarki ba ta zo mana ba. Saura abinci da sallah. Ɗaya daga cikinmu in bai ga nama a kwano ba cewa yake bai ci abinci ba.

Malami mai karatun digiri na uku a Aligarh:

To abokin naku ya shirya yin haƙuri, ko ya shirya yin tambaya. Naman sa dai babu shi, jihar ta hana yanka shanu. Na akuya da kaza akwai, amma a wannan yankin mahauta da yawa ba yanka suke yi ba, sare kan dabbar suke yi da sara guda, abin da suke kira jhatka, yadda Sikhawa da Hindu da dama suka fi so. Don haka ganin kaza a faranti ba hujja ba ne. A tambaya, kuma sukan faɗi gaskiya.

Hanya mafi sauƙi ita ce ku nemi Jama Masjid, yana cikin kasuwar da ke gangaren Mall Road. A kewayensa akwai ƙananan gidajen abinci na Musulmi. In kun ɓace ku tambayi 'yan dakon da za ku gani ɗauke da tukunyar gas ko buhu a baya da igiya suna hawan matakala. Mafi yawansu Musulmi ne 'yan Kashmir, da sallama ɗaya za su nuna muku hanya. Ni wani dattijo a cikinsu ne ya ajiye kayansa ya raka ni har ƙofar masallaci, ya ƙi karɓar ko sisi.

Ga mai neman arha kuwa, abinci marar nama ya fi sauƙi kuma babu shakka a cikinsa. Shinkafa da miyar jan wake, wadda suke kira rajma chawal, faranti guda yana riƙe mutum har la'asar. Ku ɗanɗani siddu, wani burodi ne da ake turarawa da ƙulli a cikinsa, a ci da man shanu. Ku ci inda direbobi da ma'aikata ke ci a Lower Bazaar, ba inda aka jera kujeru don masu ɗaukar hoto ba.

Sallah kuwa ku matafiya ne, kasaru ta halatta muku. Alƙibla yamma take. Alwalar asuba da ruwan famfon Shimla jarrabawa ce, shi ya sa tambayar ruwan zafin da Alhaji ya ce ku yi ba ta jin daɗi kaɗai ba ce. Wani abu kuma, a Satumban 2024 an yi zanga-zanga kan ginin wani masallaci a unguwar Sanjauli. Ni ban ga wulaƙanci daga kowa ba, amma ku baƙi ne, in an ɗauko zancen siyasar addini a shagon shayi ku sha shayinku.

Ɗan Zangon Kumasi, mai sarin magani:

Ba wanda ya yi maganar birai! Haikalin Jakhu shi ne ƙololuwar gari, inda aka kafa gunkin Hanuman, abin bautar Hindu mai siffar biri, mai tsayin ƙafa 108, hawa kyauta ne in da ƙafa za ka je. Biran wurin ɓarayi ne na gidi. Ina tsaye ina kallon tsaunuka sai na ji an zare min tabarau daga fuska ta baya. Ya hau reshe ya zauna yana jujjuya shi yana kallona. Nan take wani mai talla ya matso da ƙullin gasasshen wake, na saya, ya jefa masa, biri ya saki tabarau ya cafe wake. Har yau ina zargin tare suke cin kasuwar. Ku sa tabarau da waya a aljihun ciki, kada ku riƙe abinci a hannu, ku yi hayar sanda a ƙasa.

Kufri kuma, da kowane mai tasi zai ce sai kun je, ni ban ga abin da na biya ba. Kilomita 16 ne daga gari. Ka biya mota, ka biya doki, ka biya hayar takalmin roba, ƙarshe ka tsaya cikin taɓo da kashin doki. In ba a tsakiyar hunturu kuka je don dusar ƙanƙara ba, ku riƙe kuɗinku.

Za a kalle ku, za a roƙe ku hoto, wani ma ba zai roƙa ba. Wanda ya yi sallama da fara'a nakan tsaya masa, wanda ya ɗaga waya kawai nakan juya baya.

Ɗaliba 'yar Damagaram:

Kawu, maganar Kufri haka take. Mu kuɗin da za mu kashe a can muka kai Viceregal Lodge, gidan da wakilin sarautar Ingila ke zama, an gama shi a 1888, yanzu cibiyar bincike ce. Da ƙafa muka je daga Mall Road ta cikin itatuwan deodar, tafiya mai daɗi, babu hayaniyar mota sosai. Tikitin baƙin waje ya fi na 'yan ƙasa tsada, amma ku nuna katin makaranta ku tambaya, ba a rasa mai sauƙin kai. Sauran abubuwan, filin Ridge, cocin Christ Church mai launin rawaya, kasuwar kayan katako ta Lakkar Bazaar, duk kallo ne kyauta. In a Oktoba kuka je tuffa ta yi arha, lokacinta ne, ku cika jaka. Kuma kada ku jefar da shara ko ku sha taba a Mall Road, tara ake ci nan take.

Ɗalibi daga Greater Noida:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Mun zauna mun tsayar da mako na biyu na Oktoba, tashi daren Lahadi da jirgin Kalka, dawowa daren Alhamis da bas ɗin HRTC na gama-gari. Mun kira otal biyu a wajen Cart Road, ɗaya ya ce ba ya karɓar baƙin waje, ɗayan ya ce yana cike Form C kuma yana da ɗaki mai gado huɗu. Mu uku ne, gado ɗaya ya rage. In akwai ɗan'uwa a Noida ko Delhi da ke son shiga a raba kuɗin ɗakin huɗu, ya yi magana kafin a buɗe sayar da tikitin jirgi a watan Agusta.