Batirin zuciyar Baba da gardamar "waya" a Zauren Matasan Bagalam, Maradi

Lawali: Salamu alaikum jama'ar zaure. Yau raina a ɓace yake, ku yi mini haƙuri. Shekara tara ke nan da aka sa wa Baba na'urar nan mai daidaita bugun zuciya. Tana nan ƙasan kafaɗarsa ta hagu, in ka shafa sai ka ji ta ƙarƙashin fata kamar ƙaramin akwatin ashana. Jiya likita ya ce batirinta ya kusa ƙarewa, sai an sake tsagawa. Wancan karon gonarmu ta hanyar Tibiri muka sayar. Yanzu mi za mu sayar? Kuma na ga bidiyo da idona, Turawa suna da wadda ba ta da batir, ba ta da waya, daga waje ake ba ta wuta. Da gangan suke sa mana mai batir don mu riƙa komawa. Kasuwanci ne da ran talaka, ba wani abu ba.

Hajiya Rabi: Wayyo Alhaji. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce.

Kawu Idi: Amin. Amma ɗana, in ba ta da waya ai gara haka. Ni abin da na ji, da waya ake juya waɗannan abubuwan. Wanda ke riƙe da wayar shi ke riƙe da numfashinka, ran da ya ga dama ya latsa.

Sani Mai Gyaran Salula: Kawu, ba wannan wayar ba 😂 Wayar wuta yake nufi, irin wadda ake ja daga fal-waya zuwa gida.

Kawu Idi: To shi ya gaya maka? Lawali, wace wayar kake nufi?

Nasiru Ɗan Zinder: Laifin Lawali ne. Mu a ƙasar nan salula muke cewa. Kun kwaso Hausar Jibiya kun zo kuna rikita tsofaffi.

Sani Mai Gyaran Salula: Ji Badamagare zai koya wa Bakatsine Hausa. Sarkinmu Sarkin Katsinan Maradi ake ce masa, malam. Ba kwasowa muka yi ba, da ita kakanninmu suka taho.

Nasiru Ɗan Zinder: To mi ya sa allon shagonka ba ka rubuta "mai gyaran waya" ba?

Sani Mai Gyaran Salula: Don kada irinku su kawo mini wayar shanya.

Mushe Haruna: Ku dakata, akwai abin da Lawali ya faɗa da ke son gyara. Ba wa na'ura wuta ta cikin fata ba sabon abu ba ne, kuma ba ɓoyayye ba ne. Tun 1831 Michael Faraday ya nuna cewa in wuta tana kai-komo a cikin naɗin waya ɗaya, takan haifar da wuta a wani naɗin da ke kusa, ko da ba su taɓa juna ba. Shi ne abin da ke faruwa in ka ɗora salula a kan faifan caji. Na'urar zuciya ta farko da aka dasa wa mutum, a 1958 a birnin Stockholm na Suwidin, da wannan dabarar ake yi mata caji daga waje. Likita Ake Senning ya dasa, injiniya Rune Elmqvist ya ƙera, mara lafiyar kuma Arne Larsson. Ta farkon awa kaɗan ta yi ta tsaya. An canja masa fiye da 20 a rayuwarsa, bai rasu ba sai 2001, bayan likitan da injiniyan duk sun riga shi. Da aka samu batirin litiyam a shekarun 1970, wanda ke kai shekaru ba a taɓa shi ba, sai aka ga ya fi kwanciyar hankali a kan mutum ya riƙa tuna caji.

Kawu Idi: Ka ji ko? "Naɗin waya." Shi ma Mushe waya ya ce. Ashe dai akwai waya.

Mushe Haruna: Kawu, ta jan ƙarfe nake nufi, wadda ake naɗawa kamar gammo.

Nasiru Ɗan Zinder: Fiye da 20! Ai Mushe ka taya Lawali ne ba ka sani ba. Mutum guda an sayar masa da ashirin.

Mushe Haruna: A cikin shekara 43, kuma lokacin abin yana jariri.

Sani Mai Gyaran Salula: Ni dai faifan cajin nan na san shi, guda uku ke gabana yanzu. In salula ta goce da faɗin yatsa biyu, caji ya tsaya. Kuma bayanta zafi yake yi kamar an ɗauko masa daga tanda. Wannan za a ɗora wa tsoho a ƙirji a watan Afrilu a Maradi?

Hajiya Rabi: Ga kuma kuran ɗinmu, wutar lantarkin nan da kuka sani. A ce zuciyar mutum tana jiran a kawo wuta? A'a, a bar Alhaji da batirinsa.

Nasiru Ɗan Zinder: Ku tambayi 'yan'uwan Sani na Katsina, su suka yanke mana wuta a Agustan 2023.

Sani Mai Gyaran Salula: Talakan Katsina ne ya yanke? Shi ma a duhu yake kwana. Kada ka ɗora wa dangina abin da manya suka ƙulla.

Alhaji Bubakar (shugaban zaure): Ban da siyasa. Na faɗa ba sau ɗaya ba.

Majo Hadiza (ma'aikaciyar lafiya): Yanzu na sauko daga aiki na tarar da saƙo sittin. Yaya Lawali, saurara. Na'urar Baba tana da waya ta gaske, siririya, an zura ta ta jijiyar jini har cikin zuciya. In batir ya ƙare, galibi akwatin kawai ake cirewa a sa sabo, wayar tana nan in lafiyarta lau. Aikin bai kai na farko nauyi ba, yawanci wurin kawai ake kashewa da allura. Ka tambayi likitan kuɗin canjin akwati kaɗai kafin ka yi maganar sayar da wani abu. Marasa batir a ciki kuwa akwai su, amma ga wasu cututtukan. Na'urar da ake dasa wa kurame a kunne haka take: na waje yana manne a bayan kunne da maganaɗisu, shi ke tura wuta da sauti ta cikin fata. In an cire shi mutum ya daina ji, shi ke nan, ba a mutuwa. Zuciya fa? Bidiyon da ka gani ina jin ta jami'ar Northwestern ce ta Amurka, wadda suka nuna a 2021. Ta wucin gadi ce, ta 'yan kwanaki bayan tiyata, daga baya ta narke a jiki, kuma a kan dabbobi suka gwada ta. Ba irin ta Baba ba ce.

Kawu Idi: Alhamdu lillahi, ɗiyata ta raba gardama. "Tana da waya ta gaske." Mi na ce tun farko?

Majo Hadiza: Kawu, ba haka na ce ba. Salula dai shawarar da ake bayarwa ita ce a nisanta ta da na'urar kamar santimita 15, kada Baba ya sa ta a aljihun gaba na hagu.

Kawu Idi: To! In ba ta da iko a kanta, don mi za a nisanta ta?

Sani Mai Gyaran Salula: Saboda maganaɗisun ciki, Kawu.

Nasiru Ɗan Zinder: Kun lura Majo "salula" ta ce? Mai ilimi ke nan.

Lawali: Ni fa ba Hausa na zo koyo ba.

Hajiya Rabi: Lawali, Alhaji yana iya cin tuwo kuwa? In aiko da fura da yamma?

Alhaji Bubakar (shugaban zaure): To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita. Na ɗaya, kowa ya yarda Turawa sun san dabarar nan tun 1958 suka ajiye ta suka koma sayar da batir, Mushe da kansa ya kawo shekarar. Ni ɗan kasuwa ne, na san abin da ake nufi in an ce kaya ya daɗe amma kada ya daɗe da yawa. Na biyu, maganar yayana Idi ta tabbata, akwai waya, kuma ma'aikaciyar lafiya ta ce a yi nesa da ita. Na uku, Nasiru ya nemi gafarar Katsinawa kafin sallar asuba, in ba haka ba in cire shi. Batun waya da salula kuwa, a zauren nan waya za a riƙa cewa. Lawali, gobe ka biyo ta shago mu ga bidiyon nan tare.

Mushe Haruna: Alhaji, ban ce sun ɓoye ba.

Alhaji Bubakar (shugaban zaure): An rufe, Mushe. Sai da safe.