Me za mu kira "hot spare" da Hausa?

1/ Jama'a, kalma ɗaya nake nema. Ina koya wa samari uku aikin kula da sabar, wato babbar kwamfutar da sauran kwamfutoci ke dogara da ita, a wani ofishi nan Gombe, wajen Jekadafari, kuma duk ranar da muka zo kan faifan ajiyar bayanai da Turawa ke kira "hot spare" sai bakina ya sarƙe. Ranar Talata na ce "safaya mai zafi". Ƙaramin cikinsu ya ɗora bayan hannu a jikin akwatin, ya ce, "Oga, ai esi na aiki, me ya sa shi zafi?" Yaron yana da gaskiya. Wanda ya sha ranar Gombe a watan Afrilu, in ka ce masa na'ura ta yi zafi, lalacewa zai fara kawowa a ransa.

2/ Ga abin da ake nufi. RAID dabara ce ta haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar guda. David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley suka yaɗa sunan a takardarsu ta 1988. Akwatinmu faifai biyar ne, kowanne terabait 4. Huɗu suna cikin RAID 5, suna ba mu terabait 12, domin kwatankwacin faifai guda yana tafiya ga lissafin cike gurbi, wanda aka rarraba a kansu duka. Na biyar ɗin yana jone, da wuta a jikinsa, amma ko harafi ɗaya babu a cikinsa. Da zarar ɗaya daga huɗun ya mutu, na'urar da kanta za ta jawo shi, ta sake gina bayanan mamacin a kansa. Zafin da Bature ke faɗa ke nan: a kunne yake, yana jira.

3/ Wani ɗan uwa daga Azare ya ce mu bar shi a safaya kawai. Na so hakan, don kowa ya san ta. Amma safayar mota tana but ne. Sai ka faka gefen titi, ka ɗauko jak, ka kwance noti. Wannan ya fi dacewa da faifan da ke cikin kwalinsa a kabad, wanda sai mutum ya zo ya saka da hannu.

Malam babba daga Bauchi ya kawo na'ibi, ya ce in uzuri ya kama liman, wanda ke bayansa ake jawowa, salla ba ta tsaya ba. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, misalin ya zauna mini sosai. Inda na tsaya shi ne, na bayan liman yana cikin sallar tun farko, ya san raka'ar da ake. Faifanmu bai san komai ba, sai ya shafe sa'o'i, wani lokaci fiye da yini, ana zuba masa.

4/ Waɗannan sa'o'in su ne abin tsoro. Yayin ginin, ana karanta sauran faifan uku daga farko har ƙarshe, ga shi yawanci sa'annin juna ne, rana ɗaya aka saye su. In na biyu ya faɗi kafin a gama, RAID 5 ya rushe. RAID 6 ne ke jure mutuwar biyu.

Na taɓa gani da idona a wani wurin da na yi aiki. Faifai ya mutu, na jiran ya shiga gurbinsa, aiki bai tsaya ba, don haka ba wanda ya lura da ƴar fitilar nan mai ruwan goro da ke ƙyaftawa a bayan ƙofar akwatin. Ba a saita saƙon gargaɗi ba. Bayan makonni wani ya sake mutuwa, babu mai shiga. Kwana biyu muka yi zuciya a hannu kafin sabo ya iso daga Kano. Shi ya sa nake son suna mai tuna wa yaro cewa wannan faifai mai gadi ne, in ya shiga aiki dole a kawo wani ya tsaya a wurinsa, kuma kada girmansa ya gaza na wanda zai gada.

5/ Na tsaya a kan faifan ko-ta-kwana. Wanda ke shirin ko-ta-kwana da takalminsa yake kwana, ba a zuwa gida a taso shi. Na kabad kuma ya ci sunan safaya. Wanda aka ware wa rukunin faifai ɗaya shi ne ko-ta-kwanan gida, mai kai ɗauki ga duk rukunin da ya shiga matsala kuma ko-ta-kwanan unguwa. Yau da safe ƙaramin nan ya rubuta hakan da alƙalamin maka a jikin salatif, ya manna a ƙofar faifai na biyar.

6/ Saura ɗaya. In an saka sabon faifai a gurbin mamacin, wasu na'urorin kan kwashe bayanan su mayar kansa, ko-ta-kwana ya koma fanko yana jira. Wannan ma suna nake nema masa; ni "miƙa amana" ta zo mini. Mutanen Bauchi, me kuka gani?