Danshi ya hana ni sakat a shagona cikin tsohon gini

Assalamu alaikum. Ina haya a wani tsohon gida mai hawa uku da hukuma ta sa cikin gine-ginen tarihi, aka yanka ƙasansa shaguna. Bangon baya na jan bulo ne, kullum a jiƙe yake har kusan mita 1 daga ƙasa, farin gishiri na tsattsafowa kamar gari.

Na sa an shafe shi da siminti, na bi da fentin mai. Wata 4 kacal fentin ya kumbura, danshin ya ƙara hawa, yadudduka sun fara fumfuna. Huda bango kuwa an hana, sai da izini.

Magini ya ce simintin ne ya kulle ruwan a cikin bulo. Don Allah, in na kankare shi na koma shafen farar ƙasa, bangon zai bushe kuwa?