Neman kalma: me za mu kira dysphagia da Hausa?

Jama'a, assalamu alaikum. Ina cikin fassara wata 'yar takarda da za a riƙa ba masu jinyar waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta kama, sai wata kalma ta tsaya mini a wuya: dysphagia. Asalinta Girkanci ne, dys abin da ya ɓaci, phagein kuma ci. Abin da likitoci ke nufi da ita shi ne duk wani cikas da loma ko kurɓin ruwa ke gamuwa da shi daga baki har ciki. Kada a haɗa ta da dysphasia, wadda matsalar magana ce, ko da yake harafi ɗaya ya raba su kuma sukan kama mutum ɗaya.

Da farko na rubuta "ciwon haɗiya", na soke. Jin zafi wajen haɗiya yana da sunansa daban a wurin likitoci, odynophagia, irin abin da mai ciwon maƙogwaro ke ji. "Kasa haɗiya" ma bai zauna ba, domin yawancin masu wannan matsala suna haɗiyewa, hanya ce lomar ke kuskurewa, ko ta makara.

Waɗanda na tambaya kusan duk "wahalar haɗiya" suka ba ni, kuma ita ce ta fi kusa da Girkancin. Amma ku kai ta bakin gadon asibiti ku gani. Nas ta duƙa ta ce, "Baba, kuna shan wahala wajen haɗiya?" Baba zai ce lafiya lau, alhamdulillahi. Ba ƙarya ya yi ba. Shanyewar kan kashe jin da ke cikin maƙogwaro, ruwa na gangarawa huhu mai shi bai sani ba. Kalmar da ta dogara ga abin da majiyyaci ke ji za ta bar mana mafi haɗarinsu a waje. Shi ya sa na fi karkata ga "tangarɗar haɗiya". Tangarɗa ba ta buƙatar a ji zafi, aiki ne da ya kamata ya tafi a jere wani abu ya gitta masa. Haɗiya kuwa haka take: harshe ya tura loma baya, numfashi ya tsaya, maƙogwaro ya ɗaga, murfi ya rufe hanyar iska, ƙofar hanyar abinci ta buɗe, duk cikin kamar daƙiƙa ɗaya.

Wannan murfin ba shi ne beli ba, a lura. Shi yana can ƙasa a gindin harshe, ba a ganinsa idan an wage baki. Na faɗi haka ne don a garuruwanmu da an ce mutum ba ya iya haɗiya wani zai ce beli ne ya sauko, a kira wanzami. Cire beli ba ya gyara jijiyar da shanyewa ta taɓa. Maƙoshi da maƙogwaro kuma na bar su, don kowane gari da yadda yake musanya su. Na rubuta "hanyar abinci" da "hanyar iska", kowa ya huta.

Inda na fi daɗewa shi ne aspiration, wato abinci ko ruwa ko yawu ya wuce cikin hanyar iska. Muna da kalma tun kaka da kakanni: ya ƙware. A baki ba ta da laifi. A rubuce ne ake shiga uku, tunda ba ma sa alamar karin sauti: "a lura da ƙwarewar majiyyaci wajen shan ruwa" sai ka ɗauka yabonsa ake yi ya zama gwani. Don haka na ɗauki "sarƙewa", kamar yadda ake cewa ruwa ya sarƙe shi. Sai dai ita ma a kunnen Bahaushe tana tafe da tari da jan ido da bubbuga baya. Wadda ba ta zuwa da tari ko kaɗan, wadda sai bayan kwana biyu zazzaɓi da ciwon huhu su tona ta, na sa mata "sarƙewar ɓoye". Wani ya ce "sarƙewar shiru", amma shiru na iya nufin mai shi ne ya daure bai faɗa ba.

Screening ba ta ba ni wuya ba: "tantancewa". Mun saba da ita wajen ɗaukar aiki da maniyyata, a ware wanda ya wuce da wanda za a sake dubawa. Aikinta ke nan a nan ma, ba ta faɗin cuta. Kafin a ba mai sabuwar shanyewa komai ta baki, har da ƙwayar magani, a tabbata yana farke, a zaunar da shi bayansa a miƙe, a ga ko yana haɗiye yawunsa ko dalala yake. Akwai gwajin da ake ba da ruwa mililita 90 a shanye ba tsayawa, a saurari tari ko murya ta koma kamar mai magana da ruwa a wuya. Akwai wani gwajin mai suna GUSS da aka fitar a Ostiriya a 2007, shi da abu mai kauri yake farawa kafin ruwa. Akwai kuma EAT-10 na 2008, tambayoyi 10 da mutum ke amsawa da kansa, maki 3 zuwa sama alama ce a duba shi. Wanda bai tsallake ba sai a dakatar da ci da sha, ƙwararre ya duba, in akwai hali a yi hoton haɗiya da sinadarin bariyom ko a zura 'yar kyamara ta hanci.

Ga inda nake neman taimakonku. Tsarin IDDSI, ma'aunin ƙasa da ƙasa na kaurin abincin masu tangarɗar haɗiya, ya raba abinci da abin sha mataki 0 zuwa 7, abin sha 0 zuwa 4, ana auna kaurinsa da sirinjin mililita 10 cikin daƙiƙa 10. Ruwa zalla ya fi saurin sarƙe irin waɗannan marasa lafiya, shi ya sa ake kaurara shi. Mu abin da muke da shi tsululu, ruwa-ruwa, da kauri. In na rubuta "kamar kunu", kunun wane gida? Na gyaɗa ko na tsamiya? Kokon safe na mai talla ko na uwargida? Fura da nono kuma, mai gudaji a cikin ruwa, tana cikin masu wuyar sha'ani, ga shi ita 'yan dubiya ke fara kawowa.

Na tsayar da tangarɗar haɗiya, sarƙewa, sarƙewar ɓoye da tantancewa. Iyayenmu mata da ma'aikatan jinya, na Kano da Sakkwato da Damagaram, me kuke kiran kunun da ke zuba daga ludayi a hankali amma bai kai a ci shi da cokali ba?