Kwamfutar gida ta daina ganin modem ɗin tauraron ɗan'adam

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Agege, kuma ina neman taimakon masu ilimin na'ura kan wata matsala da ta hana ni sakat yau kwana huɗu ke nan.

Tun daren da aka tafka ruwan sama da tsawa aka kuma ɗauke wuta, kwamfutar tebur ɗina mai Windows 10 ta daina samun intanet daga modem ɗin da aka jona ta da shi da waya kai tsaye. Faifan da ke kan rufi bai goce ba, kuma da na soka wannan wayar a laftof ɗin ƙanena, nan take ya hau intanet.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan na rubuta ipconfig, wato umarnin da ke nuna adireshin kwamfuta a kan hanyar sadarwa, sai adireshin ya fito da 169.254 a farkonsa, wanda Windows ke ba kanta idan DHCP, wato tsarin da ke raba wa na'urori adireshi, bai amsa mata ba. Na gwada ipconfig /release da /renew don ta saki adireshin ta nemi sabo, na kashe modem na minti 5, na sauya waya, duk a banza. Ƙaramar fitilar da ke bakin ramin wayar a bayan kwamfutar tana kamawa, amma ba ta ƙiftawa kamar da.

Wani mai gyara a Ikeja ya ce katin sadarwar ne, wato sashen kwamfutar da ake soka wa wayar intanet, ya ƙone, alhali ko ganin kwamfutar bai yi ba, shi ya sa ban gamsu ba. Don Allah, ta yaya zan bambance ƙonewar kati da lalacewar direbansa, wato manhajar da ke sa Windows ta iya aiki da shi, kafin in sayi adafta ta USB da za ta maye gurbin katin?