Shawarwari kan labaran makaranta

A tattaunawar iyaye da malaman wata sakandare mai zaman kanta, abin da aka fi nanatawa shi ne a daina damƙa wa yara sanarwa su kaɗai. Sau da yawa takardar taro sai bayan mako biyu ake tsintarta a ƙasan jaka, duk ta cukuikuye. Aka ce gara makaranta ta riƙa tura wa iyaye saƙo ɗaya kowane mako, a tsayayyar rana.

Shawarar da ta fi kwanta mini ita ce ɗalibai su riƙa rubuta jaridar makaranta da kansu, manya suna jan ƙanana, kuma yabo kada ya tsaya kan masu zuwa na ɗaya. Hoton yaro kuwa, ba a sa shi a intanet sai iyayensa sun yarda.