Tambayoyi a layin ganin likita: bincike ne ko sata?

Uwar Tagwaye: Jama'a ku ji mani. Na kai Hassana likita da zazzaɓi, muna kan layi sai ga wata budurwa da babbar waya: shekarunta nawa, wace unguwa, kuna kwana cikin gidan sauro, kun fara sayen magani wajen masu tireda? Wai bincike suke kan marasa lafiyar da ba a kwantar ba. Ba wanda ya ce mani ina da damar ƙi. Wannan ai sata ce.

Majo Mai Ritaya: Hajiya, sata? Mi aka ɗauke maki? Tun da can mu ma'aikatan lafiya muna rubuta wannan cikin rajista, ƙarshen wata alƙaluma su tafi gunduma, yanzu ana shigar da su DHIS2, manhajar tattara alƙaluman lafiya. Da su ake ƙiyasta maganin maleriya na damina.

Ɗan Bagalam: Baba Majo, abin da aka ɗauka ba izini sata ne, ko allura ce.

Malamar Zariya: Ɓarawo ba ya sallama. Ta yi maki sallama ko ba ta yi ba?

Ɗan Bagalam: Su kamfanin magani Pfizer ma da sallama suka shiga Kano a 1996, suka sa yara 200 cikin gwajin maganin Trovan lokacin sanƙarau.

Majo Mai Ritaya: Wancan gwajin magani ne, ɗana, wannan tambaya ce. Ga Madarunfa nan kusa, cibiyar binciken lafiya Epicentre ta gwada rigakafin gudawar yara, sakamako ya fito 2017, da yardar iyaye.

Bagobirin Tibiri: Ku Katsinawa komi sai ku jawo Kano.

Ɗan Bagalam: Bagobiri, wa ya kira ka? Je ka kula da zanen fuskarka.

Malamar Zariya: Tun 2006 ake duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a Nijar, amma tambaya huɗu ta zama sata.

Bagobirin Tibiri: Kyauta? Takarda ake ba ka ka tafi kantin magani.

Uwar Tagwaye: Ni fa izini nike magana. Sunan ɗiyata ina za ya tafi?

Majo Mai Ritaya: To, a matsayina na mai kula da zaure na rufe. Mafi yawa sun yarda ba sata ba ce, ma'aikatan lafiya aikinsu suke. Ɗan Bagalam, ka same ni ta waya.